Jikin da Ba Ya Mantuwa: Lacca kan Garkuwar Jiki

Jama'a, barkanmu da warhaka. Abubuwa huɗu na shirya faɗa game da garkuwar jiki, kuma tun yanzu ina neman afuwar wanda aka ɗora wa aikin duba agogo.

Na farko shi ne shinge. Fata ganuwa ce, majina tarko ce, tsamin ruwan ciki kuwa yana kashe yawancin ƙwayoyin cutar da muka haɗiya. Idan ƙaya ta soki yatsa, wurin ya yi ja, ya kumbura, ya ɗau zafi, to jini ne ya kwararo da fararen ƙwayoyinsa, waɗanda ake samarwa a cikin ɓargo, suna haɗiye baƙin da suka kutso. Mugunyar nan da kuke ƙyama, galibinta gawarwakin waɗannan dakaru ce. Ita ma kaluluwar da ke fitowa a hammata, sau da yawa sansani ne da ya cika da mayaƙa.

Na biyu, kuma a nan zan daɗe, shi ne tunawa. Akwai wasu fararen ƙwayoyi iri biyu da masana ke kira B da T. Su B suna ƙera sinadarin kariya wanda ya dace da cuta guda kamar yadda mabuɗi ya dace da kwaɗonsa, su kuma T, wasunsu suna kashe ƙwayoyin jikin da cuta ta riga ta shiga, wasu suna ba da umarni. A karon farko aikin yana cin mako ɗaya zuwa biyu, shi ya sa mutum ke kwanciya. Amma bayan an gama yaƙi, wasu daga cikinsu suna zama a jiki riƙe da kamannin abokin gaba.

Har tsawon wane lokaci? Ku saurari wannan, domin ni dai ban taɓa gajiya da shi ba. A shekarar 1846 ƙyanda ta ɓarke a tsibiran Faro da ke ƙarƙashin Denmak, inda rabon da a ga cutar tun 1781. Aka tura wani matashin likita, Peter Panum, ya tarar ta kwantar da kusan mutum 6,000 daga cikin kimanin 7,800 da ke zaune a can: yara, matasa, magidanta, kowa da kowa. Sai dai tsofaffin da suka yi ƙyandar a 1781, suna yara ƙanana, ko ɗaya ba ta sake kamawa ba, alhali suna gida ɗaya da majinyata. Shekara 65! Ku lissafa da kanku, shekara 65. Tsohon da wataƙila ya manta inda ya ajiye sandarsa da safe, jikinsa bai manta da ƙyanda ba.

Na uku, ko kuwa har yanzu muna na biyu ne? To, riga-kafi dai a kan wannan tunawa aka gina shi: a nuna wa jiki hoton ɓarawo kafin ɓarawon ya zo. Wani likita, Edward Jenner, ya gwada hakan a Ingila a 1796 da ƙurajen shanu domin kariya daga agana, kuma a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa an kawar da agana daga doron ƙasa. Na huɗun, a gurguje, shi ne raunin garkuwa: cutar ƙanjamau tana kashe ƙwayoyin T masu ba da umarnin nan, sai runduna ta rasa jagora.

(Wata daga cikin masu sauraro ta ce, "Malam, idan jiki ba ya mantuwa, me ya sa muke yin mura kowace shekara?")

Madalla da wannan tambaya, Malama. Jikinki bai manta ba. Sunan ne ɗaya, amma ƙwayoyin bairas da ke jawo mura sun haura iri 100, don haka ta bana ba lallai ce ta bara ba. Ita kuma mura mai tsanani wadda ke zuwa da zazzaɓi, kullum cikin sauya kama take, shi ya sa ake sabunta allurarta duk shekara, yayin da ƙyanda ta tsaya da fuska guda. Kuma tunda bairas ne ke jawo mura, magungunan kashe bakteriya ba sa yi mata komai. Ga mai agogo can ya ɗaga hannu karo na uku.