Murɗin digiri 1.1 da ya rikita masana fiziks

Ɗauki gidan sauro biyu, ka ɗora ɗaya kan ɗaya, ka ɗaga su wajen haske. Yanzu ɗan murɗa na sama kaɗan. Ka ga wasu manyan zane-zane sun fito, suna ta kai-komo kamar igiyar ruwa? Babu su a ko ɗaya daga cikin gidajen sauron, murɗin ne ya haife su. Riƙe wannan hoton a ranka.

Bakin fensirin da yara ke rubutu da shi sinadarin kabon ne, falle kan falle. Kaurin milimita 1 kacal na ɗauke da falle kusan miliyan 3. A shekarar 2004, Andre Geim da Konstantin Novoselov a Jami'ar Manchesta ta Ingila suka yi ta manna salatif suna ɓarewa, har suka ware falle guda mai kaurin atam ɗaya, wato ƙwayar zarra, mai tsari irin saƙar zuma. Shi ake kira grafin. Salatif fa! Shi ya kai su ga kyautar Nobel a 2010.

To, idan aka ɗora falle biyu na grafin aka murɗa, kamar gidajen sauron nan fa? A 2011, Rafi Bistritzer da Allan MacDonald na Jami'ar Texas da ke Austin a Amurka suka yi lissafi, suka ce a wajen digiri 1.1 wani abu zai faru. Elekturon, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗaukar wutar lantarki, waɗanda suka saba sheƙa gudu cikin grafin, za su yi sanyin jiki kamar sun shiga taɓo. Kuma a nan maganar take. Mai gudu a kasuwa ba ruwansa da na gefensa. Amma idan cunkoso ya tsayar da kowa, motsin mutum ɗaya sai ya shafi sauran. Elekturon ma haka, daga nan sai su koma aiki a matsayin taro.

Shekara 7 aka yi kafin ido ya gani. A watan Maris na 2018, Pablo Jarillo-Herrero da ɗalibinsa Yuan Cao na jami'ar MIT a Amurka suka fitar da sakamakonsu a mujallar Nature. Sun sanyaya fallen biyu da aka murɗa zuwa kusan digiri 271 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius. Da suka daidaita yawan elekturon zuwa wani adadi, wuta ta ƙi wucewa ƙememe. Suka ɗan sauya ƙarfin wutar da ke sarrafa yawan elekturon ɗin, sai ga wuta tana bi ba turjiya ko miskala zarratin. Ka san yadda caja ke ɗaukar zafi a hannunka? Turjiya ce ke cinye wuta ta mayar da ita zafi. A nan babu wannan asarar sam.

Kada ka yi saurin murna, ba gobe za a ja wayar gidanku da grafin ba, don sai cikin tsananin sanyin nan yake yin haka. Tun 1911 aka san irin wannan hali, lokacin da masanin fiziks Kamerlingh Onnes ya gan shi a sinadarin zaiba a birnin Leiden na ƙasar Holland. Abin da ya tayar da hankalin masana daban ne: halayyar fallen nan ta yi kama da ta wasu sinadarai masu tagulla da aka gano a 1986, waɗanda har yau ake jayayya kan yadda suke aiki. Da, a masu tagullar nan, sai ka dafa sabon haɗi duk lokacin da kake son sauya yawan elekturon. Yanzu kuwa ka murɗa maɓalli kawai.

Aikin dai akwai cin rai. Falle ɗaya ake yagawa biyu, a ɗaga rabi, a juya shi, a dire kan ɗayan. Fallen kuma ba sa son zama a karkace, da sun ji ɗumi sai su nemi zamewa su koma daidai da juna. Shi ya sa masu haɗawa kan wuce kusurwar da kaɗan, kuma duk da haka da wuya ka samu samfuri biyu da suka fito iri ɗaya.