In Maganin Rashin Natsuwa Ya Hana Yaro Cin Abinci

(Laccar da wata likitar yara ta gabatar a taron iyaye da malamai, kamar yadda aka kwafo ta daga faifan murya.)

Assalamu alaikum warahmatullah. Na can baya kuna ji na? To, madalla. Iyayena maza, iyayena mata, malamai, sannunku da zuwa, sannunku da haƙuri da wannan zafi. Minti 40 aka ba ni, kuma na ga shugaban taro ya cire agogonsa ya ajiye a kan tebur, saboda haka abubuwa biyar zan kawo in koma in zauna.

Yau ba za mu shiga gardamar a ba yaro magani ko kar a ba shi ba. Yaron da muke magana a kansa likita ya riga ya duba shi, ya tabbatar yana da lalurar nan ta rashin natsuwa da ƙiriniyar da ta wuce misali, wadda a asibiti ake kira ADHD, an kuma ɗora shi a kan magani. Malamin aji ya fara yabo, littafi ya fara cika da rubutu. Sai kuma kular abinci ta fara dawowa gida yadda aka zuba ta. Uwa ta buɗe, taliyar nan ko cokali ba a sa mata ba, kuɗin tara suna nan cikin aljihu. Mako biyu, mako uku, wando ya fara zamewa daga ƙugu. Daga nan kaka ta ce a zubar da maganin, ai ƙiriniya ba ta taɓa kashe kowa ba. Na ga wasu suna gyaɗa kai, da alama an yi haka a gidajensu.

Na farko, me ke jawo hakan? Maganin da aka fi bayarwa sunansa metilfenidet, ku kuma a jikin kwali za ku ga Ritalin ko Concerta. Tsohon magani ne. A 1944 wani masanin haɗa magunguna, Leandro Panizzon, ya haɗa shi a kamfanin Ciba da ke Basel a ƙasar Suwizalan, ya raɗa masa suna daga sunan matarsa Rita. Maza, kun ji yadda ake kyautata wa iyali. (Dariya.) Kafin shi ma, a 1937, wani likita a Amurka, Charles Bradley, ya lura wani magani mai irin wannan aiki, amfetamin, na sa yaran da ba sa iya zama wuri ɗaya su natsu su yi aikin makaranta. Magungunan nan suna ƙara yawan wasu sinadarai biyu da ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da su, dofamin da noradirenalin. Da su yaro ke tsayar da hankalinsa a kan allo. Sai dai ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke gaya wa mutum yana jin yunwa, shi ma sinadaran nan suna taɓa shi. Shi ya sa aka yi shekara da shekaru ana sayar da amfetamin a Amurka a matsayin maganin rage ƙiba. Don haka in yaro ya rage ci, ba jabu aka sayar muku ba, ba kuma kambun baka ba ne.

To ga abin da nake so ku riƙe da kyau. Yunwar ba ɓacewa take yi ba, lokaci take canzawa. Ritalin na gama-gari awa 3 zuwa 4 yake yi a jiki, galibi kuma akwai ƙwaya ta biyu da tsakar rana. Concerta, mai sakin kansa a hankali, yana kai awa 12. Yaron da ya sha da ƙarfe 7 na safe, lokacin tara magani na kan ganiyarsa, lokacin abincin rana ma haka. Yunwarsa tana nan da sassafe kafin ya sha, tana kuma dawowa da dare in maganin ya sake shi. Mu kuwa a gidajenmu babban abinci na rana ne da na magariba, da safe sai ɗan koko a tsaitsaye, ana cewa yi sauri mai adaidaita na jira. Kun ga an yi saɓani ke nan. Lokacin da yake son ci babu abincin, lokacin da abincin ya sauka babu yunwar.

Na biyu, karin kumallo. A nan zan ɗan daɗe, shugaba ka yi haƙuri.

Abinci tukuna, sannan magani. Zan maimaita: ya ci, sannan ya sha. Maganin yakan fara aiki cikin kamar rabin awa, in kika ba shi yana tashi daga barci, kafin a yi wanka a nemo safa ɗaya da ta ɓace, ƙofar cikin ta rufe. A tashe shi da ɗan wuri, ya yi sallah, ya zauna ya ci har ya ƙoshi, ƙwayar ta biyo baya. Wannan ma yana rage tashin zuciya da ciwon cikin da wasu ke yi a makonnin farko. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Sannan me zai ci? Kokon da ake sayowa a leda, tsululu, wanda in ka ɗaga kana hango hannunka ta cikinsa, wannan ba abinci ba ne ga yaron da ba zai sake cin komai ba sai la'asar. Ga lissafin: giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, giram ɗaya na sitacin hatsi ko sukari ko furotin mai gina jiki kuwa kusan 4. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa kusan kalori 120 ne. Ƙwai guda yana da wajen 70 zuwa 80, ga furotin giram 6. Tunda cikin ba zai ɗauki da yawa ba, sai kowace loma ta zama mai nauyi. Kunun gyaɗa mai kauri da madara. Ɗumamen tuwo da miyar kuka, a yaryaɗa man shanu. Ni fa ɗumame ba na yarda a raina shi a gabana, yaran yanzu sai su ce burodi da shayi, to shayin ma ruwan zafi ne da sukari, ga shi ganyen shayin yana da sinadarin kafeyin, wanda ke ƙara wa yaron rashin barci. Ƙosai, alale, awara, wake da shinkafa da mai da ɗan yaji, fura da kindirmo, ayaba, dabino. Wanne ne a ciki aka shigo da shi daga waje? Babu. Wata uwa ta ce min ita sai ta sayi madarar gwangwani mai tsada da ta gani a talla. Na ce mata Hajiya, kuɗin gwangwanin nan ɗaya ki sayi gyaɗa da ƙwai, ki dawo ki ba ni labari.

Na makaranta kuma kar a cika kula. Yaron da ba ya jin yunwa in ya ga tulin shinkafa tun daga ido yake ƙoshi. A sa masa ɗan abin da zai iya cinyewa cikin minti biyar: dafaffen ƙwai, ƙuli-ƙuli, dabino uku, ɗan yogot. Abin sha ya fi sauƙin wucewa, domin maganin na busar da baki, kunun aya ko kunun gyaɗa a gora zai shiga inda tuwo ba zai shiga ba. Malamai, a nan muke roƙonku. Ba mu ce ku tsaya kansa da bulala ba. Ku dai tuna masa, domin shi mantawa yake yi, jikinsa bai gaya masa lokaci ya yi ba.

Sai dare. Iyayena mata, nan ne ake yi wa yaran nan rashin adalci. Da magariba an sa tuwo, ya tsakura ya tashi. Bayan isha'i, an wanke tukunya, an rufe kicin, sai ga shi yana cewa Umma yunwa nake ji. Sai a ce kwaɗayi ne, ɗazu da aka ba ka me ya hana ka ci, je ka kwanta. Alhali yanzu ne maganin ya sake shi, wannan ita ce yunwarsa ta gaskiya ta duk yinin. A ajiye masa rabonsa a rufe. In ya nema ƙarfe 9, a ba shi, kuma abinci sosai, ba biskit ba.

Har ila yau a kan wannan, tiren nan da muke haɗa yara biyar su ci tare. Al'ada ce mai kyau, tana koya zumunci. Amma yaron da ke kan magani yana cikin masu sa hannu, tire ya tashi fes, uwa ta ce alhamdulillahi kowa ya ci, ba ta san yayyensa ne suka share ba, shi loma uku ya yi yana juya miya. Ko a ware masa kwanonsa na ɗan lokaci, ko babba ya zauna kusa ya ga abin da ke shiga bakinsa. Kuma don Allah ban da ɗure, ban da duka. Yaron da aka doka a kan tuwo, tuwon yake tsana.

Ina nake? Na uku ko na huɗu? To, mu ce awo. Ido ba sikeli ba ne, wanda ke ganin yaro kullum ba ya gane ramarsa. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara wa likitoci yadda za su kula da marasa lafiya, a ƙa'idojinta na 2018, ta ce a auna tsayin yaro duk wata 6, nauyinsa kuma duk wata 3 in shekarunsa 10 ne ko ƙasa. Akwai dalili. Wani babban bincike a Amurka da ake kira MTA, wanda ya bi yara 579, ya gano cewa bayan shekara 3 waɗanda suka fara magani suka ɗore a kai sun gaza waɗanda ba su sha ba da kusan santimita 2 a tsayi. Ba abin firgita ba ne, ba kuma abin wasa ba. Ku sami ɗan littafi ku riƙa rubuta kwanan wata da nauyi, ku je da shi asibiti. In nauyi na sauka, ko wata shida ya tsaya cak, likita na da abin yi: ya rage yawan maganin, ya canza lokacin sha, ya mai da shi kan mai gajeren zango, ko ya sauya zuwa wani kamar atomoksetin. Kuma ya duba sauran abubuwa, don ba komai ne laifin ƙwayar ba. Akwai tsutsar ciki, akwai ƙarancin jini, akwai zazzaɓin cizon sauro, akwai yaron da ake cin zalinsa a aji.

Shugaba ya ɗaga min yatsa biyu. Da sauri: hutun magani. Likita na iya cewa a dakata ranakun da babu makaranta ko lokacin dogon hutu don yaro ya murmure, amma shi zai ce, ba ku ba. Atomoksetin ba a yi masa haka, sai ya taru a jiki na makonni yake aiki. Kulonidin da gwanfasin kuwa, su ma magungunan wannan lalura ne, in aka yanke su farat ɗaya jini na iya hawa. Concerta ba a fasa shi, ba a tauna shi, haɗiyewa ake yi. Azumi kuma lacca ce guda, abin da zan ce kawai matashin da zai ɗauka ya ga likitansa tun cikin Sha'aban a tsara lokutan sha.

Na'am, Hajiya, ga ta can ta ɗaga hannu. A miƙa mata lasifikar.

(Wata dattijuwa ta ce jikanta ya rame, mai kemis ya ba ta maganin cin abinci na ruwa da wasu ƙananan ƙwayoyi, yaron kuma har ya yi kumatu. Ta tambaya ko ta ci gaba.)

Inna, Allah ya saka miki da alheri da wannan tambaya, da ma ita ya kamata in fara da ita. Na ruwan nan yawanci sifiroheftadin ne a ciki. Asalinsa maganin ƙaiƙayi da borin jini ne, yana buɗe ciki, yana kuma sa barci. Akwai lokacin da likita da kansa zai rubuta shi na ɗan lokaci yana lura, wannan daban. Ƙananan ƙwayoyin ne suka tayar min da hankali. Abin da ake ce wa sha ka fashe sau da yawa akwai deksametason a ciki. Kumatun da kika gani ba lafiya ba ce, ruwa ne da kitse ke taruwa a fuska. Deksametason ɗin yana hawar da jini, yana hawar da sukari, yana raunana ƙashi da garkuwar jiki, kuma a jikin yaro yana danne tsawo, wato abin da muke gudu tun farko. Tun yaushe yake sha, Inna? Wata biyu? To kar ki tsayar masa yau da kanki, wanda ya daɗe a kansa a hankali ake janye masa, in aka yanke lokaci ɗaya yana iya galabaita. Gobe da safe ki kai shi wurin likitan da ya rubuta masa maganin natsuwar, ki tafi da kwalbar da sauran ƙwayoyin duka. In suna cikin jakarki yanzu, ki tsaya bayan an tashi in duba su.