Keke, kwano da sikeli: me ya sa jiki ke hawa da sauka tsakanin rani da damina

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan keken da kuke gani jingine da darbejiya shi nake hawa kullum daga gida zuwa shago a nan Garwa, kusan rabin awa zuwa rabin awa dawowa. Akwai wani mai sikeli da yake zama bakin kasuwa, duk farkon wata nakan hau, toh a Afrilun bara kilo 68 na gani, ƙarshen Satumba kuma 72, ni ɗin dai, keken ɗin dai, tuwon gidanmu ɗin dai. Shi ne na zauna na bi abin daki-daki.

Mu fara da zafi. Kowa ya san Maris da Afrilu a Garwa, rana ta wuce digiri 40, in ka taka keke da azahar kafin ka kai gadar Binuwai rigarka ta jiƙe sharkaf. Lita ɗaya ta gumi nauyinta kilo ɗaya ne, kuma a irin wannan zafin awa ɗaya kan keke ta isa ta fitar maka da lita guda ko ma fiye. Kaga in ka sauka ka hau sikeli zai ce ka ragu, amma ruwa ne ya tafi, kana sha ya dawo. Dan Allah samarin da ke ɗaura leda a ciki ko su sa rigar sanyi da rana wai suna narkar da tumbi, ku daina, kitse baya fita ta gumi, ƙodarku kawai kuke wahalarwa, kuma mutum na iya yanke jiki ya faɗi a titi. In fitsarinka ya yi ja kamar shayi, sha ruwa.

Ramar gaskiya ta lokacin zafi daga kwano take zuwa, don zafi yana kashe sha'awar abinci, tuwo ya zo ka ci loma biyar ka ture, kunu da fura da mangwaro kawai rai ke so. Ga azumi kuma da a 'yan shekarun nan yake faɗowa wajen Fabrairu da Maris, duk shekara yana matsowa baya da kwana 11. Jiki yana da wata 'yar ajiyar sukari a hanta da tsoka, kamar gram 400 zuwa 500, kowane gram kuma yana riƙe da ruwa kusan gram 3, shi ya sa satin farko na azumi mai keke zai ga kilo ɗaya ko biyu sun ɓace, bayan Sallah da kwana uku sun dawo, sai ya ce naman Sallah ne ya sa shi ƙiba alhali ajiyar ce ta sake cika.

Kitse lissafinsa daban. Kilo ɗaya na kitsen jiki kusan kalori 7,700 ne, kalori kuwa shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. Mutum mai kilo 70 in yana tuƙi madaidaici, ba tsere ba, yakan ƙone wajen kalori 400 a awa, wato sai ya yi kusan awa 19 bisa keke kafin kilo ɗaya na kitse ya tafi. A hankali yake tafiya, a hankali kuma yake taruwa, kuma damina ce lokacin taruwarsa ga ɗan birni.

Daga Yuni ruwa ya sauka, lungunan unguwa su zama laka, taya ta ƙi juyawa, 'yan Marwa kun fi ni sanin yadda koginku Mayo Kaliyawo yake in ya kawo ruwa, sai mutum ya jingine keke a zaure ya koma hawan moto, wato babur. Kalori 400 ɗin nan da yake ƙonewa kullum ta tsaya, kwanon kuwa bai ragu ba, ga gari ya yi sanyi ci ya buɗe, ga masara gasasshiya ga gyaɗa ɗanya a kowace kwana. A lissafin takarda kwana 20 kilo ɗaya kenan. Jiki baya bin takarda sak, yakan ɗan rage ci da kansa, amma wata uku ko huɗu a haka kilo biyu zuwa huɗu ba abin mamaki bane, nawa huɗun nan daga nan suka fito.

Abin da ya fi damuna shayi ne wallahi. Ƙaramin cokalin sukari gram 4 ne, kalori 16. In kana zuba cokali huɗu a kofi, kofi uku a rana, cokali 12 kenan, kusan gram 50, kuma nan ne iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa babban mutum na yini gaba ɗaya, kai kuwa a teburin mai shayi kaɗai ka cinye ta, ba a zo kan zoɓo da lemun kwalba ba, shi ma ƙarami mai santilita 33 kalori 140 ne. Babban cokalin mai kalori 120, ka tuna man da makala da ƙosai suke sha a kasko. Duk tuƙin da na yi daga gida zuwa shago, shayin yini ɗaya ya biya shi.

Amma fa wannan maganar ta 'yan gari ce. A ƙauye abin juyewa yake, kawuna da ke kawo gawayi a keke damina ce take ramar da shi, Agusta rumbu ya yi ƙasa ga noma ga tafiya cikin laka, sai kaka ta yi sannan jikinsa ya dawo, in aka girbe muskuwari, dawar rani, wajen Fabrairu a ƙara samun sauƙi. Masu bincike sun daɗe suna auna manoma a ƙauyen Keneba na Gambiya, haka suke gani, nauyi ya faɗi da damina ya tashi bayan girbi. Irin su kawu ba rage ci za a ce musu ba, a ƙara musu wake da gyaɗa da nono, in kana da ɗan uwa a ƙauye Agusta ne watan aika masa da hatsi.

Hunturu shi ne lokacin keke, Disamba da Janairu da safe iska mai daɗi, ka yi nisa baka gaji ba. Sai dai ka rufe hanci saboda ƙura, kuma ka sha ruwa ko baka ji ƙishi ba don iskar tana busar da gumin tun kafin ka gan shi. 'Yan Ngaundare ku da kuke kan tudu, zafinku bai kai namu ba amma daminarku ta fi tamu tsawo, kekenku zai fi daɗewa a zaure in baku lura ba.

Bana sai na sa wa keken nan madagadi gaba da baya, ranar da ruwa ya tsaya na fita ko da minti 30 ne kan kwalta, ina ƙoƙarin kada sati ya wuce ban cika minti 150 ɗin da hukumar lafiya take cewa ba. Ranar da na hau moto cokali ɗaya nake sa wa shayi, tuwon dare kuma malmala ɗaya. Sikeli da safe nake hawa kafin in karya, don na azahar gumi yake aunawa. Satumban nan 69 ya nuna. Ku rubuta min naku a ƙasa, ku faɗi garinku da watan da kuka auna, musamman ku 'yan Kusiri masu tsallaka gada zuwa Injamena da kaya a keke. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba in Allah ya kai mu.