Wane Irin Mai Wayarin Za Mu Ɗauka? Lacca kan Sabunta Wutar Gida a Unguwannin Gefen Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Iyayenmu, malamanmu da sauran jama'a, ina yi muku barka da zuwa.

Da yawa daga cikinmu sun gina gidajensu a Ɗanbare, Mariri, Panshekara da makamantansu a lokacin da buƙatar gida ba ta wuce ƙwan fitila, fanka da talabijin ba, kuma a kan wannan ɗan nauyi aka ja waya. Yau gidan nan guda ya samu firji, na'urar sanyaya ɗaki, hitar ruwa da sumo mai jawo ruwa daga rijiyar burtsatse, alhali wayar da ke cikin bango ita ce dai ta wancan zamani. Wannan ne yake sa mai gida ya nemi mai wayarin, kuma a wajen zaɓensa ne ake yin kuskuren da daga baya ake cewa tsautsayi ne.

Alama ta farko ta ƙwararre ita ce ba ya yanka farashi daga bakin ƙofa. Zai shiga ɗaki-ɗaki yana tambayar abin da ake kunnawa, da wanda ake da niyyar sayowa nan gaba, ya rubuta ya lissafa. Wutar da KEDCO, kamfanin rarraba wutar lantarki na Kano, take kawo wa gidajenmu a ƙa'ida bolt 230 ce. Waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ta fitilu da fanka ce, mai 2.5 ta soket ce kuma tana ɗaukar kimanin amfiya 20, wato wajen wat 4,600 ke nan. Hitar ruwa kaɗai tana iya cin wat 3,000, dutsen guga kuma ya haura 1,000, saboda haka idan suka haɗu da firji a kan layi ɗaya, wayar ta kai maƙura. Shi ya sa hita, na'urar sanyaya ɗaki da sumo kowannensu yake son layinsa daban tun daga akwatin bireka.

A nan zan ɗan tsaya, domin bireka ita ce abin da aka fi yi wa mummunar fahimta. Aikinta shi ne ta katse wuta kafin waya ta yi zafi, don haka ana auna ta ne da kaurin wayar da take tsaro. Na taɓa shiga gidan wani ɗan'uwana da ya yi ta kukan birekarsa tana yawan faɗuwa, sai wani mai gyara ya cire masa mai amfiya 20 ya sa mai 32, ya karɓi kuɗinsa, aka yi masa godiya. Wuta ta daina ɗaukewa, amma da muka kwance soket ɗin ɗakin girki sai muka tarar robar wayar ta yi baƙi ta bushe, tana marmashewa a hannu kamar gasasshiyar gyaɗa, bangon wurin kuwa da ɗumi. Duk wanda ya ce maganin faɗuwar bireka shi ne a sa babba ba tare da ya duba waya ba, a sallame shi cikin mutunci.

Sai maganar takarda. Tun daga 2015 akwai hukumar NEMSA da doka ta ɗora wa alhakin tantance masu aikin haɗa wuta da ba su shaidar ƙwarewa, akwai kuma jarrabawar sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Ba na cewa wanda ya koya a hannun maigidansa bai iya ba, don wasunsu sun fi mu sanin aiki, amma tambayar takarda ba cin fuska ba ce, haka nan neman ya nuna gida biyu ko uku da ya yi wa aiki.

Ita kuwa waya, shawarata ita ce mai gida ya bi mai aikin zuwa kasuwa da ƙafarsa. Akwai kamfanonin cikin gida da aka sani, irin su Coleman, Cutix da Nigerchin, amma ana kwaikwayon sunayensu, ana kuma sayar da wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. A ɗauki wuƙa a kankare bakin wayar. Idan fari ya bayyana, ba jan ƙarfe zalla ba ce, kuma ba za ta ɗauki nauyin da aka rubuta a jikinta ba. Ko ɗaga naɗin ma yana nuna wa mutum, domin ta jabu ba ta da nauyi.

Abubuwa biyu ne ake yawan tsallakewa don ragin kuɗi. Na farko wayar ƙasa, wadda ake haɗawa da sandar ƙarfe a binne, tare da na'urar da take katse wuta idan yoyonta ya kai miliamfiya 30. Su ne suke tsare yaron da ya dafa firji da jiƙaƙƙen hannu. Na biyu makunnin da yake raba wutar KEDCO da ta janareta ko inbata. Gidan da ba shi da wannan makunni yana iya mayar da wutar janaretansa kan layin titi, ta kashe ma'aikacin da yake kan fal alhali ya tabbatar an ɗauke wuta.

Game da ciniki, a rubuta komai a takarda, a raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, a biya kashi-kashi. Kada a yarda a shafe bango da siminti sai an ga an zura wayoyin cikin fayif, kada kuma a biya cikon kuɗi sai ya gwada kowane layi da na'urar awo a gaban mai gida, ya rubuta a jikin kowace bireka ɗakin da take kula da shi. Mita da wayar da ta taso daga fal hurumin KEDCO ne, kuma idan aka kama an yi satar wuta ta bayan mita, mai gida za a ci tara, shi kuwa mai wayarin ya daɗe da tafiya.

Na ga hannaye a sama daga ɓangaren iyayenmu mata, sai mu fara karɓar tambayoyi daga can.