Jawabin Maraba ga Baba Shugaban Ikkilisiyarmu a Ziyararsa Ƙasar Zuru

Baba Shugaba da Mamanmu, Rabaran-Rabaran da fastocin da suka rako ku, wakilin Mai Martaba Sarkin Zuru, iyayenmu hakimai da masu unguwanni, maƙwabtanmu Musulmi da suka zo taya mu tarbar baƙo, dattawan ikkilisiya, zumuntar mata, matasa da yaran makarantar Lahadi, salama a gare ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Baba, sannunku da zuwa, sannu da hanya. Duk wanda ya taso daga Kontagora ya biyo ta Rijau har ya iso Zuru, jikinsa zai ba shi labari da dare. Tun da hantsi mawaƙanmu suke bakin titi da ganguna, rana ta dake su har muryar wasu ta dushe, amma ba wanda ya yarda ya koma gida. Bahaushe ya ce baƙonka annabinka, marubucin Ibraniyawa kuma ya gargaɗe mu a sura ta 13 kada mu manta da karɓar baƙi, don ta haka wasu suka sauki mala'iku ba su sani ba. Mu dai mun san wanda muka sauka, uba ne ya zo ganin 'ya'yansa.

Ƙasar da kuka taka yau ƙasar Dabai ce da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu, masarautu biyar a ƙarƙashin Sarkin Zuru. Tun shekarun 1920 'yan mishan suka iso nan da bishara. Da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, shi ya zama allon kakanninmu, a cikinsa suka koyi haɗa baƙi, Lelna da Dukkawa da Kambari da sauransu, kowa da harshen gidansa amma sujada ɗaya. Lokacin da aka yanko Jihar Kebbi daga Sakkwato a 1991, ikkilisiya a nan ta riga ta yi jikoki. Har gobe kuwa za ku shiga gida guda ku tarar wa yana alwala, ƙane yana neman Littafin Waƙoƙinsa, tukunyar tuwo ɗaya.

Bisa al'ada, a nan ne sakatare kan jera nasarori: rufin da aka sake, kujerun da aka saya, waɗanda aka yi wa baftisma. Duk suna cikin rahoton da za mu miƙa muku a rubuce. Dattawa sun ba ni izini in yi amfani da wannan lokaci a kan abin da ya fi cin ranmu.

Baba, garkenku ya watse. Shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi yankin Danko/Wasagu da Sakaba, akwai majami'u a ƙauyuka da ciyawa ta tsiro a bakin ƙofarsu. Mutanen da muke zuwa wurinsu sayen dawa da kaka, yau su ne ke kwana a ajin makarantar Lahadi da ke bayan wannan rumfa. In kun leƙa anjima za ku ga tabarmi a naɗe a kusurwa, da ƙullin kaya a ƙarƙashin allo, har yanzu ayar haddar yara tana rubuce a jikinsa.

Akwai wani mai bishararmu a cikin taron nan. Ya roƙe ni kada in kama sunansa, na kuwa yi alkawari. Daren da garinsu ya tashi, sai da ya ɗora wata tsohuwa makauniya a babur ya kai ta tudun mun tsira, sannan ya juya. Mutane suka ɗauka awakinsa zai kwaso. Da ya dawo, abin da ke cikin buhunsa shi ne littafin sunayen membobi da kofunan Jibin Ubangiji. Awakin kuwa har yau ba labari. Da wannan littafi ya bi mutanensa ɗaya bayan ɗaya, wasu a Ribah, wasu a nan Zuru, wasu a gidajen dangi. Yanzu ranar Lahadi yakan yi sujadar farko a wani aji, ta biyu a gindin mangwaro, in mai ya ƙare ya tura babur da ƙafa. Albashinsa daga baiko yake fitowa, masu baikon kuwa su ne suka koma masu karɓa.

Shi ya sa idan muka karanta Yohanna 10, inda Ubangiji ya bambanta makiyayi mai kyau da ɗan ƙwadago wanda kan bar tumaki in ya hango kyarkeci, ba ma buƙatar dogon bayani. Ba muna cewa duk faston da ya bar gari ɗan ƙwadago ne ba, Allah ya kiyaye. Yesu da kansa ya ce a Matiyu 10 in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan. Abin dubawa shi ne wa ka ɗauka lokacin da za ka gudu, kuma da gari ya waye wa ka fara nema.

Mu dattawa ma, in za a faɗi gaskiya, ba mu fita ba. Mun taɓa shafe awa uku a zaman kwamiti muna jayayya kan wanda zai zauna kujerar gaba ranar bikin godiyar kaka. A wannan yammacin ne matan zumunta, ba tare da wani zama ba, suka fara abin da ya rufa mana asiri: kowace mace in za ta ɗora girki sai ta ɗebi tafi ɗaya na hatsi ta zuba a wata ƙwarya dabam. Ranar taronsu a haɗa, a auna da mudu, a raba wa waɗanda suka yi gudun hijira, kuma ba a tambayar mutum inda yake sujada kafin a auna masa. Wata gwauruwa a cikinsu, wadda aka kashe mijinta a gona, ita ce ke fara zuwa addu'ar asuba. Na taɓa yi mata sannu da ƙoƙari, sai ta ce barci ne ba ya zuwa, gara ta kawo idon nata gaban Allah.

Ga kokenmu, Baba. Idan za a yi canjin wurin aiki, muna roƙo a daina barin turawa ƙauye ta yi kama da horo, birni kuma ya yi kama da lada. A tuna da 'ya'yan masu bishara, waɗanda da yawansu suna gida don babu kuɗin makaranta. A aiko mana da waɗanda za su koya wa fastocinmu yadda ake zama da mai raunin zuciya, gama akwai yaran da ƙarar babur kaɗai ke sa su ruga ƙarƙashin benci, wa'azin minti arba'in ba ya kai wa nan. Damina kuma tana tafe, masu son komawa gona ba iri ba taki. Sannan muryarku tana shiga inda tamu ba ta shiga. In kun zauna da mahukunta a Birnin Kebbi ko Abuja, ku faɗa musu abin da idonku ya gani, a madadinmu da maƙwabtanmu Musulmi, don tare muke binne matattu.

Ba mu da zinariya. Dattawa sun kama rago, matasa sun haɗa buhun dawa daga gonar ikkilisiya, zumuntar mata kuma ta ce daddawa da kukar nan na Mama ne ita kaɗai, kada direba ya yi kuskure. Bayan sujada akwai tuwon dawa a gidan fasto. Amma kafin nan, mazauna ajin can na baya sun share ɗakin tun asuba, suna roƙon ku shiga ku sa musu albarka.

Allah ya ƙara muku lafiya da hikima, ya mai da ku gida lafiya. Baba, bagadi naku ne.

Sakataren Ikkilisiya, a madadin dattawa da dukan jama'a.