Titin Lombard na San Faransisko: Asalin Sunansa da Dalilin Lanƙwasarsa

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Jawabinmu na yau zai tsaya ne a kan titi guda ɗaya da ke birnin San Faransisko na jihar Kalifoniya a Amurka, wato titin Lombard, wanda wani ɓangarensa ke gangarowa daga tudun Russian Hill a lanƙwashe tamkar tafiyar maciji, a tsakiyar gidajen masu hannu da shuni.

Zan fara da sunan, domin ya girmi titin da ɗaruruwan shekaru. Lombard sunan wata ƙabila ce ta Jamusawan dā wadda ta kutsa arewacin Italiya a shekarar 568, kuma daga gare ta yankin Lombardiya, inda birnin Milan yake, ya samo sunansa. A ƙarni na 13 masu ba da rance da 'yan canji daga wannan yanki suka yi kaka-gida a wani titi na birnin Landan, har mutane suka riƙa kiran titin da sunansu, kuma ya daɗe yana matsayin cibiyar harkar kuɗi ta Ingila, domin ko bankin Barclays a nan hedkwatarsa ta zauna har zuwa 2005. Daga Landan sunan ya tsallaka teku zuwa birnin Filadalfiya, daga can kuma ya isa gaɓar yammacin Amurka.

Wanda ake danganta kai sunan San Faransisko da shi shi ne Jasper O'Farrell, ma'aunin filaye ɗan asalin Ayalan, wanda aka ba aikin shata titunan garin a 1847, shekarar da aka sauya wa garin suna daga Yerba Buena. Babu banki a wurin a lokacin, babu kuma wasu 'yan Lombardiya da suka taɓa mallakarsa. Ya dai aro sunan daga Filadalfiya kawai. Shi kuwa tudun, an kira shi Russian Hill ne saboda wasu kaburburan Rashawa da baƙin da suka kwararo neman zinariya suka tarar a samansa.

Inda nake so mu daɗe shi ne taswirar da kanta. Masu shata garin sun ja layuka miƙaƙƙu masu giciye juna a kan takarda, suka shimfiɗa su a kan ƙasa mai tuddai da kwaruruka ba tare da la'akari da hawa ko gangare ba. A ganina wannan tsari ya fi amfanar mai sayar da fuloti fiye da mai tafiya, domin fili mai kusurwa huɗu yana da sauƙin aunawa da sayarwa. Sakamakon haka, ɓangaren titin da ke tsakanin titunan Hyde da Leavenworth ya kasance da gangaren da ya kai kashi 27 cikin ɗari, ma'ana a kowace mita 100 ƙasa tana sauka da mita 27. Motocin farkon ƙarni na 20 ba su iya hawa irin wannan tsauni, kuma gidan da mota ba ta isa ƙofarsa darajarsa ba ta tashi.

Wani mai kadara a unguwar, Carl Henry, shi ake yi wa kallon wanda ya kawo shawarar lanƙwasa hanyar, aka kuma gina ta a 1922. An yi mata kwana takwas masu tsanani a cikin tsawon da bai wuce mita 180 ba, aka shimfiɗa jan bulo, aka yi matakalu a gefe domin masu tafiya a ƙasa, daga baya kuma aka ƙawata tsakanin kwanonin da furanni. A 1939 aka mayar da ita hanya mai bi ɗaya, gangarowa kawai, kuma gudun da aka yarda da shi mil 5 ne a awa. Ya kamata in ambata cewa sauran titin miƙaƙƙe ne, har ma ɓangarensa na yamma babbar hanya ce da ke kai motoci zuwa gadar Golden Gate. Haka kuma, ko da yake ana yi masa kirari da titin da ya fi kowane lanƙwasa a duniya, masu aune-aune sun nuna cewa titin Vermont da ke cikin birnin ya fi shi, sai dai ba shi da furanni da ƙasaitattun gidaje.

Gyaran da aka yi domin sauƙaƙa wa mazauna ya koma musu abin damuwa, saboda an ƙiyasta cewa kusan mutum miliyan 2 ne ke ziyartar wurin a kowace shekara, layin motoci kuma yakan toshe unguwar. A 2019 majalisar dokokin jihar ta amince da ƙudurin da zai ba birnin damar karɓar kuɗi da tsara lokacin shiga, amma Gwamna Gavin Newsom ya ƙi sanya hannu, bisa hujjar cewa bai dace a hana marasa hali bin titin gwamnati ba.