Takardar Tambayoyi: An Rubuta da Faransanci, An Tambaya da Hausa

Assalamu alaikum. Malamaina, ƴan'uwana ɗalibai, barkanmu da yamma. Na baya kuna ji na? To, madalla.

An ce in yi magana a kan takardar tambayoyi, wadda muka saba kira kestiyoner, a binciken zamantakewar al'umma. Amfaninta ba ya son dogon bayani. Tambaya ɗaya ce, da lafazi ɗaya, ga mutum ɗari biyar, sannan ka ƙirga amsoshi ka kwatanta unguwar Birni da ta Zango a nan Damagaram. Da irinta aka yi ƙidayar 2012 da ta nuna mun haura miliyan 17 a Nijar. Kuma ba yau aka fara ba, tun 1880 Karl Marx ya tsara tambayoyi wajen ɗari don ma'aikatan Faransa.

Wa za ka tambaya? A 1936 wata mujallar Amurka, Literary Digest, ta tara amsoshi fiye da miliyan biyu, ta ce shugaban Amurka Roosevelt zai faɗi zaɓe. Ya ci da rata mai yawa. Sunayen da ta aika wa takarda, yawanci daga kundin masu tarho da masu mota ta ɗebo su. George Gallup, mai binciken ra'ayin jama'a, da mutane kaɗan ya gano daidai. Kai ma in ka tsaya bakin jami'a ka cika takarda ɗari uku, ɗalibai ka tambaya, ba Damagarawa ba.

Amma abin da ya fi damuna shi ne harshe. Muna rubuta takarda da Faransanci a ofis, mu fita mu tambaya da Hausa, wani wuri da Barbarci ko Fulatanci. Kowane mai tambaya yana fassara yadda ya ga dama a tsaye a ƙofar gida. Ke nan in kun fita ku goma, takarda goma kuka fita da ita.

Bari in ba ku labarin kaina. Ina ɗalibi muka yi binciken kuɗin da gidaje ke kashewa a ruwa, kun san ruwa a garin nan ba sai an faɗa ba. Wata uwa ta ce mini a wata tana ba ƴan garuwa "dubu". Na rubuta 1000. Sai da muka zo lissafi aka ga unguwar da na yi ta fi kowace arhar ruwa. Ashe dala dubu take nufi, sefa 5000, jika biyar. Ni da na tashi ina ƙirga da dala, alƙalami ya sa na manta. (Dariya.) Sai da na sake bin gidajen ɗaya bayan ɗaya.

Ku ɗauki kalmar Faransanci menaj. Me za ku ce da Hausa? In ka ce "gida", gida ɗaya a Birni yana iya ɗaukar magidanta huɗu, kowa da iyalinsa. In ka ce "iyali", almajirin da ke cin tuwon gidan fa? Shi ya sa ake tambaya da tukunya: su wa ke ci daga tukunya ɗaya, ƙarƙashin mai gida ɗaya? Haka "ƴaƴanki nawa?" Wata za ta tsallake ɗan fari don kunya, wata ba ta son ƙirga ƴaƴa sam, waɗanda suka rasu kuwa ba a ambatonsu da sauƙi. Shekaru ma haka. Dattijo ba zai ce maka 58 ba, amma ya san ko ya yi wayo lokacin da Seyni Kunce ya karɓi mulki a 1974, ko ya yi aure kafin yunwar 1984. Manomi a Mirriya da dami da tiya yake auna hatsinsa, kai kuma gurbin kilo ka bari.

Akwai ma'aunin nan na Rensis Likert na 1932, mai hawa biyar, daga "na yarda ƙwarai" zuwa "ban yarda ba sam". A takarda yana da kyau. A zaure, baƙo ya zo da waya yana latsawa, dattijo zai ce "to, haka ne" don kara. Wani kuma yana zaton kai ɗan furoje ne mai rubuta sunayen masu samun taimako, nan take awakinsa goma su koma biyu. Ban ga laifinsa ba. Masanin zamantakewa ɗan Faransa Pierre Bourdieu ya ja kunne tun farkon shekarun 1970 cewa irin wannan bincike yana ɗauka kowa na da ra'ayi a kan kowace tambaya, alhali wata tambayar ba ta taɓa zuwa ran mutumin ba sai da ka kawo ta.

Don haka kafin ku buga, ku zauna ku daidaita Hausar kowace tambaya a rubuce. Ku ba wani da bai ga asalin ba ya mayar da ita Faransanci, ku ga abin da ya ɓata a hanya. Mata su shiga wurin mata. Tambayar kuɗi ta zo can ƙarshe, bayan an saba. Sannan ku gwada a gida ashirin, kuna sauraron inda mutum ya yi jim ko ya ce "kamar yaya?" Wannan tambayar ku yi mata alama, ita za a sake.

Na ga an ɗaga hannu a can. Malama, bismilla, sai dai ki ɗaga murya saboda na'urar ɗauka.